Jami'ar Garinku Ba Ta Ciki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Likita da 'yan biyuna. Haƙoran ƙaramar sun gama fitowa, ko har yanzu tana cizon baƙi? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar Umma da ta sake tashi. Baba yana gaishe ki, ya ce kin manta da shi tun da kika sami mijin da ke duba ki kyauta.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana.

Kin riga kin ji sakamakona a bakin Umma. To yanzu an buɗe shafin neman gurbi, kuma jami'a uku kaɗai ake bari mutum ya saka. Ni kuwa takardar da na manna a bangon shago, bayan firinta, sunaye goma sha ɗaya ne a jikinta. Duk wanda ya zo fotokwafi sai ya karanta ya ba ni shawarar da ban nema ba. Mai sayar da magani na kusa da mu ya ce in yi lauya, tunda bakina ba ya mutuwa.

Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna ne kawai, an rubuta kimiyyar kwamfuta a ƙofa, amma da na karanta darussan sai na tarar buga takardu ne da tsara su, abin da nake yi wa Baba tun ina firamare. Ni so nake in san abin da ke faruwa a cikin na'urar, in rubuta manhajar da ta fi wadda na haɗa wa shago don jera ayyukan mutane. Wasu ba su da ɗakin kwanan mata. Ɗaya kuma na yi ta rubuta musu tambaya, ko tari ba su yi ba. Duk na ja musu layi. Yanzu saura huɗu: babbar nan ta kan tudu, ta fasaha da ke bakin ruwa wadda tafiyarta yini guda ce, sabuwar ƙaramar nan ta kusa da mu, da ta garinku. Dole ɗaya ta fita.

Na kai wa malama mai ba da shawara a makarantarmu takardar. Sai da ta gama kallon keken guragun da nake kai kafin ta kalli sakamakon. Ta ce mai irin lalurata ya fi masa sauƙi ya yi karatu daga gida ta intanet, ba hawa ba sauka. Na tambaye ta ko haka ta ce wa yaron da ya zo na biyu a bayana. Ta ce ba ta san ni da rashin kunya ba. Na ce ni ma yau na san kaina, na ɗauki takardata na juya keke, kin san ba a banza kike kirana Direba ba.

Umma ta ce kin kwashe kayan ɗakin da ke kusa da kicin a gidanki saboda ni, har kin kira kafinta ya faɗaɗa ƙofar. Na gode, Yaya, Allah ya bar zumunci. Amma don Allah ki dakatar da kafintan nan. Ban yanke komai ba tukuna.

Ki shafa min kan yaran, ki gaida Likita.

Ƙanwarki,
Direba

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya gaba ɗaya, kuma zazzaɓin babban ya sauka. Umma ta sami maganin da Likita ya aiko, tana godiya, gwiwar ta yi sauƙi.

Mun je jami'ar kan tudu ni da Baba. Ya rufe shago, ya sa rigarsa mai ruwan toka da yake ajewa don zuwa banki. Kin san tun ina aji uku na sakandare nake mafarkin wurin nan, hotonsa ne ma a fuskar wayata.

Sashen kwamfuta yana cikin wani dogon bene. A ƙasa ofisoshi ne, ɗakin kwamfutoci kuma yana can ƙololuwa. Akwai lif, amma an jingina tukunyar fulawa a bakin ƙofarsa, fulawar har ta yi girma. Jami'in sashen mutumin kirki ne, ya ba Baba kujera, ya yaba sakamakona. Da na tambaye shi yadda zan riƙa zuwa aji sai ya yi dariya ya ce, "Wannan ba matsala ba ce, muna da samari majiya ƙarfi, za su riƙa ɗaukar ki."

Kafin in buɗe baki ya leƙa waje ya kira biyu. Ba wanda ya tambaye ni. Ɗaya ya kama gaba, ɗaya ya kama baya, sai ji na yi ina sama. A hawa na biyu na bayan ya yi tuntuɓe, keken ya karkace, mayafina ya zame, na ƙanƙame hannun kujera ina kallon silin. Ɗalibai suna wucewa suna cewa sannu, sannu, kamar an fito da ni daga asibiti. Baba yana biye da mu riƙe da takalmina da ya faɗi.

Amma Yaya, ɗakin nan. Injuna a jere, allo cike da lissafin da na gane rabinsa, wata ɗaliba tana koya wa ƙaramin mutum-mutumi ya bi layi a ƙasa. Na manta da komai, na yi ta tambayarta har Baba ya taɓa min kafaɗa. Sai kuma na tuna yadda zan sauka.

Muka kamo hanya. Da muka kusa gida Baba ya ce in cire su daga jerin kawai. Na ce ba zan cire ba. Na rubuta wa shugaban sashen na ce ko su gyara lif ko su sauko da ajin ƙasa, kuma ba alfarma nake roƙo ba, tunda da maki zan shiga kamar kowa. Ina jiran amsa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na ji kin kira Baba kin yi awa guda kina yi masa bayanin abin da zai iya samuna a nesa, har da gobara a ɗakin kwana. Tun ranar ba ya iya haɗa ido da ni. Jiya ya buga wa wani takardar haya a kife, abin da bai taɓa yi ba. Kin san inda ake taɓa shi, kuma nan kika taɓa. Idan kina da magana, ni za ki faɗa wa. Ba jaririya ba ce ni da za a yi shawarata a bayan idona.

Duk da haka ina kewarki. Ki gaida mutanen gidan.

Taki,
Direba

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, kuma ranki ya ɗan yi sanyi. Ina gaida Likita da yara. Umma da Baba suna lafiya, ba su san ina rubuta wannan ba.

Kin kashe waya a kunnena, don haka zan ƙarasa a nan.

Kin tambaye ni wa zai ɗaga ni in na faɗi a banɗaki. To na faɗi, Yaya, makon da ya wuce, Umma tana kasuwa. Hannuna ya zame a kan tayil na tafi gaba ɗaya. Na kwanta a cikin ruwan sabulu na yi kukana na gama. Daga nan na ja jiki zuwa bututun famfo, na jawo keke da tawul, na danne birki, na hau. Na daɗe ina fama, gwiwar hannuna har yanzu shuɗiya ce, amma na hau. Ba wanda ya sani sai ke yanzu. Zan sake faɗuwa, a nan ko a can, kuma ba na so in kai shekara talatin ban san yadda ake tashi ba.

Sannan kin ce wa ya goya ni. Ke ce. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Tun da shan inna ya taɓa ƙafafuna, a bayanki na je makaranta har na shiga aji huɗu na firamare aka sami keke. Na san ƙamshin man gashinki fiye da na Umma. Kuma na san abin da ba a faɗa a gidanmu: an ba ki gurbi a makarantar koyon aikin jinya mai nisa, kika ce ba kya so, kika shiga ta koyon malanta a nan kusa. Ina ƙarama amma na ga inda kika ɓoye takardar, na kuma ga sau nawa kike fito da ita ki kalla. Har yau in kika ga ma'aikaciyar jinya da fararen kaya sai kin bi ta da ido.

Shi ya sa ba zan zo ba. In na shiga ɗakin nan na kusa da kicin, za ki riƙa tashi ki shirya 'yan biyu ki shirya ni, ki kai ni ki ɗauko ni, ki bar aikinki in ina da jarrabawa. Za ki yi da zuciya ɗaya, na sani. Ni kuma zan yi ta godiya safe da yamma har in tsani kaina, daga baya in fara jin haushinki. Ba na son ranar nan ta zo.

Ba zan yi miki ƙarya in ce jami'ar garinku ba ta da kyau ba. Na duba darussansu, ba laifi. Amma in na saka ta ko a na uku ne, Likita zai yi wa abokinsa da ke aiki a jami'ar magana, za su ɗauke ni, sannan kowa ya ce ga ta kusa da Yayarki, me kike nema kuma. Saboda haka ita ce ta fita. Na ja mata layi da hannuna.

Ta fasaha ce zan saka a farko. Na sami lambar wata ɗaliba 'yar aji uku a sashen, mai tafiya da sanduna. Ta kira ni ta bidiyo ta zagaya da ni ko'ina. Gine-ginen a ƙasa suke, ɗakin kwamfutoci ba matakala ko ɗaya. Ba ta ɓoye min komai ba. Ta nuna min ƙofar banɗakin ɗakin kwana ta ce sai na shiga a karkace, ta nuna min hanyar ɗakin karatu ta ce in an yi ruwa tafki take zama. Ta ce malamin lissafinsu ba ya tausayin kowa, mai ƙafa da marar ƙafa duk kayar da su yake. Da na ji haka sai na ji wurin ya kwanta min.

Na san wannan takarda za ta yi miki ciwo. Ni ma da ciwon na rubuta ta, amma ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Ƙanwarki da ke sonki ko kina fushi,
Direba

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna nan lafiya. Ban ga amsarki ba, kuma Umma ta ce in ta ambaci sunana a waya sai ki tambayi gwiwarta. Ba komai. Labari ne zan ba ki, ki karanta ko ki ajiye.

Shafin yana neman sa hannun uba kafin a tura. Na buga takardar na ajiye wa Baba a kan injin fotokwafi. Ta kwana biyu a wurin yana ɗaga ta yana goge ƙasanta yana mayarwa. A rana ta uku ya jawo kujera ya zauna a gabana. Ya ce shi ba zai hana ni ba, amma ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. In na je makarantar nan na dawo ni kaɗai, ba shi ba Umma, zai sa. Na lura yana faɗa yana fatan in ji tsoro. Na ce masa gobe.

Tun a tasha aka fara. Kwandastan ya dubi keken ya ce wannan kaya ne, sai dai a ɗaure shi a saman bas. Na ce ƙafafuna ne, kuma ban ga an ɗaure ƙafar kowa a sama ba. Ya ce to in jira wata motar. Na turo keke na tsaya a bakin ƙofa daidai inda ba mai iya shiga, na danne birki. Fasinjoji suka fara surutu, wasu da ni, wasu da shi. Wata tsohuwa ta ce masa ya ji tsoron Allah. Direban ne ya sauko da kansa ya naɗe keken ya tura bayan kujerarsa. Na hau da hannuwana, matakala bayan matakala, a zaune, da baya. Sun so su ɗaga ni na ce su riƙe min jaka kawai. Baba yana tsaye can gefe ya juya baya, wai yana karanta allon farashi.

Ba zan ce miki tafiyar ta yi daɗi ba. Na ƙi shan ruwa saboda na san ba banɗakin da zan iya shiga a hanya, na isa kaina yana sarawa. Daga tashar can zuwa makaranta titin duk ramuka ne, tafin hannuna ya yi bororo kafin in kai ƙofa. Akwai inda na tsaya a gindin wata bishiya na ce a raina da Yaya tana nan. Na faɗa miki don kada ki ce na ɓoye. Na huta na ci gaba.

Mai sandunan nan tana jirana a bakin sashe. A ɗakinta na kwana. Na gwada ƙofar banɗakin, na shiga a karkace kamar yadda ta ce, na goge fenti kaɗan, amma na shiga. Da safe ta kai ni ajinsu na zauna a baya. Malamin lissafin ya rubuta tambaya a allo, ni kuma bakina ya ƙi zama. Na ba da amsa, ashe rabinta kuskure ne. Ya dube ni ya ce, "Ke wace ce, kuma wa ya koya miki wannan shirmen?" Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Bai kalli keken ba ko sau ɗaya. Ya nuna min inda na kauce, ya ci gaba da darasinsa.

Da na dawo na tarar da Baba a tasha. Mai shayin wurin ya ce tun safe yake zaune, duk motar da ta shigo sai ya miƙe. Ya kama hannuwana ya juya su ya ga bororon. Na ɗauka zai ce kin gani ko. Sai ya ce sai mun sayi safar hannu mai kauri. A kan murfin wata mota Baba ya sa hannu a takardar, da biron mai shayi.

Na tura, Yaya. Ta fasaha a farko, sabuwar ta kusa da mu a na biyu, ta kan tudu a na uku. Na kan tudun sun amsa min wasiƙata da cewa za a duba. Na bar su a ciki da gangan. In suka ɗauke ni sai su san inda za su kai tukunyar fulawarsu.

Ki gaida Likita, ki ce na gode da niyyarsa. Ki sumbaci yaran.

Taki har kullum,
Direba

*

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufinki. Mu nan lafiya, sai hidima.

Ta fasaha ta ɗauke ni. Ina shago ina buga wa wani takardar neman aiki saƙon ya shigo. Na ƙarasa masa aikinsa tukuna, sannan na juya wa Baba fuskar kwamfutar. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa, ya fita ya faɗa wa mai magani. Umma ta yi kuka, ta share, ta fara lissafin barguna. Na koya wa Baba yadda zai yi da manhajar shago in ta tsaya, ya rubuta a bayan kalanda.

Wata biyu ke nan ban ji muryarki ba. Ba zan ba ki haƙuri a kan zaɓina ba, domin ban yi laifi ba. Amma babu ranar da ba na ɗaga waya in kalli sunanki in ajiye.

Ranar Asabar zan tafi, ni kaɗai. Na tambayi direban, ya ce motar tana tsayawa a babbar tashar garinku wajen azahar, a sha ruwa a yi salla kafin a wuce. Na karɓi kujerar gaba ta jikin taga, ɓangaren da ke kallon rumfar masu jira. Ba zan sauko ba, kin san hawan da wuya.

In kin zo, ki zo da 'yan biyu, ina so in ga haƙoran nan da idona. Kada ki kawo min komai, jakata ta cika. In kuma ba ki zo ba, zan leƙa har motar ta tashi, sannan in rubuto miki daga can in faɗa miki lambar ɗakina.

Ƙanwarki,
Direba